Maganin Ƙarfafa Ƙashi Da Girman Ɗan Duƙushi: Darasi Ga Fatake

Darasinmu na wannan fitowa a kan doki yake. Wani zai ce, mu da ke fataucin shanu me ya haɗa mu da doki? To, ai da wuya a sami falken da ya daɗe yana bin hanyar Abeshe zuwa Njamena, ko ta Kusiri zuwa Gamboru, ko ta Damagaram zuwa Maigatari, wanda ba a taɓa ba shi saƙon doki ba. Basarake zai ce a samo masa na hawan salla, ɗan sukuwa ya ce a samo masa ɗan Sudan mai gudu, attajiri kuma ya ce a nemo masa na ƙwallon dawaki. Sau da yawa ɗan duƙushi ake so, mai shekara ɗaya da rabi ko biyu, domin ya fi sauƙin kuɗi, kuma zai tashi a hannun mai shi. In dokin ya yi kyau a yaba wa falke, in ya gurgunce bayan wata uku kuwa sunan falke ne zai ɓaci, har abin ya taɓa cinikinsa na shanu.

Abin da za mu duba shi ne allurar nan da ake kira ta ƙarfafa ƙashi. Menene ita? Me take yi wa babban doki, me kuma take yi wa wanda bai gama girma ba? Sai a gyara zama, domin ba za a gane aikin maganin ba sai an fara gane yadda ƙashi da kansa yake girma.

YADDA ƘASHI KE GIRMA

Da yawanmu muna ɗaukar ƙashi kamar busasshen icce, saboda a kwata ko a cikin miya muka saba ganinsa. Amma ƙashin da ke jikin dabba mai rai shi ma rai gare shi. Jini na shiga cikinsa, yana jin zafi, yana ƙaruwa, yana raguwa. Doki na da ƙasusuwa wajen 205, kuma kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na ɗan duƙushi akwai wani siririn layi na guringuntsi. A nan ne tsawo ke fitowa. Guringuntsin na tofowa ta gefe guda, ta ɗaya gefen kuma yana rikiɗa ya zama ƙashi. Ranar da layin ya rufe, wannan ƙashi ya gama tsawo ke nan har abada.

Waɗannan layuka ba rana ɗaya suke rufewa ba. Daga ƙasa suke farawa su yi sama. Na kusa da kofato da na ƙasan ƙwauri kan rufe kafin ɗan duƙushi ya cika shekara, ko jim kaɗan bayan haka. Na bisa gwiwar ƙafar gaba sai wajen shekara 2 zuwa 2 da rabi. Na ƙashin baya kuwa, inda sirdi ke zama, sai doki ya kai shekara 5 ko fiye. Awon da aka yi wa dawakin tsere na Turai ya nuna cewa ɗan shekara ɗaya ya riga ya kai wajen kashi 90 cikin 100 na tsawon da zai yi, amma nauyinsa bai wuce kashi biyu cikin uku na nauyin babba ba. Kun ga inda ido ke yaudarar mai saye. Ga doki tsaye zanƙalele kamar ya isa, alhali ƙashin da ke ciki ɗanye ne.

MA'AIKATA BIYU A CIKIN ƘASHI

A cikin ƙashi akwai ƙwayoyin halitta iri biyu, ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Bari mu kira na farko masu rushewa, na biyu kuma magina. Masu rushewa su ne ke bin inda ƙashi ya tsufa ko ya yi 'yar tsaga, su narkar da wurin su kwashe. Magina su biyo baya su cike gurbin da sabon ƙashi. Rushewar na ɗaukar makonni, ginin kuwa watanni.

Duk wanda ya zauna a gidan ƙasa ya san wannan aiki. In damina ta wuce katanga ta tsage, magini na ƙwarai sai ya kankare ruɓaɓɓen wurin tukuna, sa'an nan ya kawo sabuwar ƙasa ya yi yaɓe. Wanda ya yi yaɓe a kan tsaga ba tare da kankarewa ba, katangarsa za ta yi kyau a ido, amma ruwan farko zai tona masa asiri.

Ga ɗan duƙushi aikin masu rushewa ya fi haka yawa. Sabon ƙashin da ke fitowa daga layin girma da faɗi yake fitowa, su ne ke sassaƙe shi ya koma siffar da ta dace. Su ne ke buɗe ramin ɓargo yayin da ƙashi ke ƙara kauri. Haka nan in an fara kilisa da sukuwa, kowane taku na barin 'yar tsaga wadda ido ba ya gani, su ne ke share ta kafin ta haɗu da wata ta zama babba. Wato dai rushewa rabin girma ce. A riƙe wannan, domin a nan maganar take.

MENENE WANNAN MAGANI?

Sunan dangin maganin bisfosfonet. A Jamus aka fara harhaɗa irinsa tun wajen 1865, kuma shekara da shekaru a masana'antu ake amfani da shi, don hana farin dutse taruwa a cikin bututun ruwa. Sai a ƙarshen shekarun 1960 wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Herbert Fleisch da abokan aikinsa suka nuna cewa yana hana ƙashi narkewa. Daga nan ya shiga asibiti. Ana ba da shi ga tsofaffi, musamman mata, waɗanda ƙashinsu ya yi laushi har 'yar faɗuwa kan karya su, kuma a wajensu ya yi amfani ƙwarai.

Yadda yake aiki shi ne, in ya shiga jini sai ya je ya manne a jikin ƙashi. Masu rushewa in sun zo aikinsu sai su haɗiye shi tare da ƙashin da suka narkar, daga nan su raunana ko su mutu. A lura da kyau: maganin ba ya ƙara wa magina komi. Masu rushewa kawai yake tsayarwa. Sunan da ya dace da shi ke nan maganin hana rushe ƙashi.

Na dawaki iri biyu ne suka yi suna. Akwai Tildren, wanda kamfanin Ceva na Faransa ya fito da shi, ana ɗiga shi a jijiya sannu a hankali kamar ƙarin ruwa, har wajen minti 90. Akwai kuma Osphos na kamfanin Dechra na Ingila, wanda ake yi a tsoka, a raba shi wuri uku. A shekarar 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da su duka biyu, amma don ciwo guda tak. A cikin kofaton doki, ta baya, akwai wani ɗan ƙashi mai siffar kwalekwale wanda babbar jijiyar ƙafa ke bi ta kansa. In ya fara lalacewa doki kan riƙa ɗingishi da ƙafafun gaba, yana taka ƙasa da bakin kofato yana gudun dunduniya. Ciwon manyan dawaki ne, kuma don shi aka yarda da maganin.

Takardar da ke cikin kwalin ta faɗi sauran sharuɗɗa a fili. Ba a gwada lafiyarsa ga dokin da bai kai shekara 4 ba. Ba a gwada shi ga goɗiya mai ciki ko mai shayarwa ba. Yana iya tayar da murɗar ciki jim kaɗan bayan allura. Yana iya taɓa ƙoda, don haka ba a haɗa shi da magungunan kashe zafi irin su fenilbutazon. Kuma ba a yin sa ga dokin da za a ci namansa. Mu da ke harkar nama sai mu ƙara kiyayewa: babu inda aka yi wannan magani don sa ko rago ko raƙumi.

ME YA KAI SHI JIKIN 'YAN DUƘUSHI?

Kuɗi ne ya kai shi. A manyan kasuwannin gwanjon dawakin tsere na Amurka da Turai, ana sayar da ɗan shekara ɗaya kafin a taɓa ɗora masa sirdi. Mai saye ba shi da abin dubawa sai asalin iyaye, da ƙirar jiki, da hoton ƙashi wanda likita ya ɗauka. A bayan gaɓar da ke ƙasan ƙwauri akwai wasu ƙananan ƙasusuwa guda biyu, kowane bai fi babban goro ba. In hoto ya nuna suna da ramuka ko zane-zane, farashi ya faɗi. Sai wasu suka yi tunanin cewa in an tsayar da masu rushewa ramukan za su toshe a hoto. Wasu kuma masu horar da 'yan shekara biyu suka riƙa ba da shi saboda ciwon ƙwauri, wanda ke kama ƙananan dawaki in an matsa musu da gudu, domin maganin na rage zafin ƙashi.

Mu fatake ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Irinsa ne ɗura wa sa ruwa da gishiri daren kasuwa don cikinsa ya fito. Kayan aikin ne kawai suka bambanta.

ABIN DA LIKITOCI KE TSORO GA MAI GIRMA

Na ɗaya, siffar ƙashi. An daɗe ana gwada wannan dangin magani a kan ƙananan ɓeraye masu girma, kuma abin da ake gani shi ne ƙarshen dogon ƙashi ya cushe ya yi kauri kamar kan kulki, saboda babu mai sassaƙe shi. Yara masu ciwon karyewar ƙashi na gado, waɗanda ake yi wa maganin don larura, hoton ƙashinsu kan nuna fararen layuka a jere, kowane layi shaidar zagaye ɗaya na magani. A 2003 likitoci a Amurka sun ba da rahoton wani yaro da aka ba shi da yawa na tsawon lokaci, ƙashinsa ya cushe fiye da kima, ya rasa siffarsa, kuma bai tsira daga tsagewa ba. Cushewa dabam, ƙarfi dabam. Tukunyar ƙasa ta fi gora tauri, amma a jefar da su a ga wadda za ta fashe.

Na biyu, taruwar tsaga. In masu share ƙananan tsagogi sun kwanta, tsagogin na nan, kuma kowace sukuwa na ƙara wasu. A wajen mutane an ga cewa wasu kaɗan daga cikin waɗanda suka sha maganin shekaru da yawa, ƙashin cinyarsu kan karye ba tare da wata babbar faɗuwa ba.

Na uku, ɓoye zafi. Zafi ɗan aike ne. Shi ke gaya wa doki ya rage taku, shi ke gaya wa mai shi ya sauke sirdi. In an rufe bakin ɗan aike, sai a ci gaba da gudu a kan ƙafar da ke neman hutu, har ranar da za ta ɓalle a tsakiyar fili. Karayar ƙwaurin doki kuwa ba irin ta akuya ba ce da za a kai wa maɗori. Yawanci ƙarshen dokin ke nan, mahayin ma sai wanda Allah ya kiyaye.

Na huɗu, daɗewa. Maganin zafi na yau da kullum kwana kaɗan yake yi ya fita daga jiki. Wannan kuwa a cikin ƙashi yake ɓuya. Masu binciken ƙungiyar tseren dawaki ta Hong Kong sun same shi a jini da fitsarin dawaki sama da shekara 3 bayan allurar ƙarshe. Allurar da aka yi wa ɗan shekara ɗaya za ta iya bin sa har cikin shekarunsa na aiki, a hannun mutumin da bai ma san an yi ta ba.

Domin adalci, sai mu faɗi ɗaya gefen. A 2024 masu bincike a jami'ar jihar Mishigan ta Amurka sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi da ƙananan tumaki masu girma, waɗanda aka yi wa irin maganin da ke cikin Osphos aka kuma riƙa motsa su, ba su ga wani canjin da za a iya aunawa a ƙashinsu ba. Mai son maganin zai ce, to kun gani babu cuta. Amma ya manta cewa sakamakon nan takobi ne mai kaifi biyu, domin ƙashin tumakin bai ƙara ƙarfi ba. In ya yi aiki a jikin ƙarami akwai abin tsoro, in bai yi ba an zubar da kuɗi a banza. Ta kowane gefe babu ribar da mai ɗan duƙushi zai ƙirga.

MATAKIN DA MANYAN KASUWANNI SUKA ƊAUKA

A 2017 hukumar tseren dawaki ta Ingila ta kafa doka cewa duk dokin da aka yi wa wannan magani kafin ya kai shekara 3 da rabi, ba zai shiga tsere a ƙarƙashinta ba muddin ransa. Babban doki da aka yi wa don larura kuma sai ya yi kwana 30 kafin ya shiga fili.

A Amurka, daga ƙarshen Disamba 2018 zuwa Yuni 2019 dawaki 30 suka mutu a filin tsere na Santa Anita a jihar Kalifoniya, hankalin jama'a ya tashi. Binciken hukumar tseren jihar bai sami haramtaccen magani a jikin waɗanda ta bincika ba, don haka kada wani ya ce wannan allura ce ta kashe su. Amma ya gano wani abu da ya shafi darasinmu: mafi yawan waɗanda suka karye, da ma akwai tsohon lahani a daidai wurin da ƙashin ya ɓalle. Karaya ba a ranar tsere take farawa ba.

A cikin wannan yanayi, a watan Maris 2019, manyan kamfanonin gwanjo uku, wato Keeneland da Fasig-Tipton da na Okala a jihar Filorida, suka haɗa baki suka hana a yi wa dokin da bai kai shekara 4 ba wannan magani kafin a kawo shi gwanjonsu. Suka ba mai saye ikon neman a gwada jinin dokin, in an sami maganin yana da damar fasa cinikin. Bayan haka Amurka ta yi dokar ƙasa ta tsaftace tseren dawaki a 2020, kuma tsarin gwajin magani da ya fara aiki a ƙarƙashinta a 2023 ya sa wannan dangin magani cikin waɗanda aka haramta wa dawakin tsere.

'Yan kasuwa ne fa suka yi wannan, ba malaman wa'azi ba. Sun gane cewa ranar da mai saye ya daina yarda da abin da ya gani, kasuwa ta mutu.

ALLURAN DA KE KUSA DA MU

Tildren da Osphos masu tsada ne, ba a kan kowane tebur ake ganinsu ba. Inda za mu fi cin karo da su shi ne a jikin dawakin da ake shigowa da su daga ƙetare, irin na ƙwallon dawaki daga Ajantina, ko a hannun mai kuɗin da ya yi odar magani daga waje. Amma a kasuwanninmu akwai wasu kwalabe da mai tebur zai ce maka na ƙarfin ƙashi ne ko na saurin girma, kuma su ma suna da nasu haɗarin ga ɗan duƙushi.

1. Ruwan kalsiyam na allura. An yi shi ne don saniyar da ta kwanta bayan haihuwa saboda ƙarancin kalsiyam a jini. Ba ya gina ƙashi, kuma in an tura shi a jijiya da sauri yana iya tsayar da zuciya.

2. Allurar bitamin mai ɗauke da bitamin D. Da wuya a sami doki mai ƙarancinsa. In aka yi ta maimaitawa, kalsiyam kan bar inda ya dace ya je ya daskare a ƙoda da jijiyoyin jini.

3. Dekzametazon, wanda wasu ke yi wa bisashe don su yi kumari a ido. In an daɗe ana yi yana raunana ƙashi, yana rage garkuwar jiki, kuma ga doki yana iya jawo mummunan ciwon kofato.

4. Alluran ƙara tsoka masu aiki irin na sinadarin namiji. Suna iya rufe layin girma kafin lokacinsa, tsoka ta yi nauyi a kan ƙashin da bai nuna ba.

Ga kuma jabu, wanda kowa ya san ya cika gari. Magani mai tsada da ka samu a araha a bakin iyaka, ka tambayi kanka dalili.

ABIN DA KE GINA ƘASHI DA GASKE

Abinci, da motsi, da lokaci.

Ƙashi na bukatar kalsiyam da fosfaras, kuma a cikin abincin doki dole kalsiyam ya fi yawa, wajen kashi biyu ga kashi ɗaya. A nan ne mu masu shanu za mu iya yin kuskure. Saniyar daji fosfaras take rasawa, shi ya sa ake ganin tana taunar tsohon ƙashi da rani. Dokin turke kuwa akasin haka ne. Gero da dawa da masara duk fosfaras ya fi yawa a cikinsu, dusa ta fi su duka, domin a dusar alkama fosfaras ya ninka kalsiyam wajen sau 10. In ɗan duƙushi ya dogara da dusa da hatsi, jikinsa zai riƙa zaro kalsiyam daga ƙashi don ya cike na jini. Alamarsa ita ce ƙashin fuska ya kumbura a tsakanin ido da hanci, muƙamuƙi ya yi kauri, haƙora su yi girgiɗi, ɗingishi ya riƙa yawo daga wannan ƙafa zuwa waccan. Turawa na kiransa ciwon masu niƙa, don dawakin masu injin niƙa, waɗanda ake ciyarwa da dusa, su ya fi kamawa.

Maganinsa na cikin gonakinmu. Harawar wake da ganyen gyaɗa suna da kalsiyam sosai, sai a yawaita su tare da ciyawa mai kyau, a rage dusa. In da bukata, likitan dabbobi zai faɗi awon garin dutsen alli, irin wanda masu kiwon kaji ke sa wa a abinci. Kanwa tana da nata amfanin, amma gishiri ce, ba ta maye gurbin kalsiyam. Kada kuma a ɗura wa ɗan duƙushi hatsi don ya yi saurin girma, domin nauyin da ya riga ƙashi zuwa shi ke kawo kumburin gaɓoɓi.

Sai motsi. Ƙashi na ƙara ƙarfi ne gwargwadon aikin da ya saba da shi. A wani gwaji da aka buga a 2019, masu bincike na wannan jami'a ta Mishigan sun sa 'yan maruƙa gudun mita 71 kacal, wasu sau ɗaya a mako, har makonni 6. Da aka auna, ƙarfin ƙashin ƙwaurinsu ya fi na waɗanda aka tsare a ɗaki da sama da kashi 20 cikin 100. Ɗan gajeren gudu ya yi abin da kwalba ba ta yi ba. Saboda haka ɗan duƙushin da ke ɗaure a turke safe da yamma ana cutarsa. A sake shi a fili ya yi tsalle ya yi gudu da kansa.

Na ƙarshe lokaci. Ƙa'idar da masana dawaki ke bi ita ce mahayi da sirdi kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin babban doki. Alal misali, doki mai kilo 300, kilo 60 ke nan. A auna wannan da ƙato guda da sirdin gargajiya da kayan ado a bayan ɗan shekara biyu. Sauri ya haifi nawa.

IN AN BA MU SAƘON DOKI

1. A buɗe baki. Haƙoran nono biyu na tsakiya, sama da ƙasa, suna famfara a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi. Mai sauran haƙorin nono a gefe bai gama girma ba, ko da mai shi ya rantse.

2. A shafa ƙwauri da gwiwa da gaɓoɓin ƙasa, a nemi zafi ko kumburi. A duba fuska ta gaba, ko ta kumbura.

3. A sa shi sassarfa a ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo, sa'an nan a kewaya da shi dama da hagu.

4. In da hali a bar shi ya yi kwana biyu ko uku a masauki kafin a biya, maganin kashe zafi zai sake shi. Amma a sani, bisfosfonet ido ba ya gane shi, sai gwajin jini a ɗakin bincike na musamman.

5. Don haka a tambayi mai shi a gaban dillali da shaidu: wace allura aka yi masa, yaushe, wa ya yi? A rubuta amsar a takardar ciniki, tare da sharaɗin mayarwa. In daga ƙetare ya zo, a nemi takardunsa na likita. Kada mu yi cinikin biri a sama.

6. Ƙarami ba ya bin garken shanu a ƙasa tafiyar makonni. A sa shi a mota, in ya sauka a ba shi hutu.

7. In babban doki na ɗingishi, likitan dabbobi ne zai duba ya ce ko wannan magani ya dace. Mu namu saye da sayarwa ne.

In mu ne masu sayarwa, hukuncin ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san an hana algus da ɓoye aibin kaya. Malamai kan ba da misali da wanda ya ƙi tatsar saniya ko raƙuma kwana da kwanaki don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye, kuma shari'a ta ba wanda aka ruɗa damar mayarwa. Allurar da ke rufe ɗingishi ko ta gyara hoton ƙashi ba ta da bambanci da wannan. Fatauci tsakanin ƙasa da ƙasa da amana yake tafiya, domin mutumin Kano na karɓar dokin da bai gani ba sai a bakin abokinsa na Maraɗi ko na Marwa. Ribar doki guda ba ta kai a sayar da wannan amana ba.

Muna roƙon shugabannin rassa su sa a karanta wannan darasi a zango ga 'yan'uwan da ba su yi karatun boko ba, da yaran da ke kula da barga. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai mu gida lafiya, ya kiyaye mana dukiyarmu da ta mutane.